Littafin Jifan Farko: Zaman Birij na Asabar a Gyaɗi-Gyaɗi

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

Yau na buɗe wannan littafi. Wata takwas ke nan muna zaman birij, wasan karta na mutum huɗu biyu-biyu, a zauren Kawu da ke Gyaɗi-Gyaɗi, kowace Asabar daga bayan la'asar zuwa kiran magariba. Mu huɗu ne: Kawu da Likita gefe ɗaya, ni da ƙanena gefe ɗaya. Kawu na hagu da ni, Likita na dama. Ba a sa kuɗi a teburin nan, ko sisi. Maki kawai ake rubutawa, sai shayi da ƙanena ke dafawa.

Suna cin mu fiye da yadda muke cin su, kuma na daɗe ina zargin inda ruwa ke shigo mana. Idan alkawari, wato yawan cin da ɓangare ya ɗauka zai kawo, ya faɗo hannuna ina yin dama-dama. Inda nake zubar da maki shi ne katin farko, wanda na hagun mai alkawari ke jefawa tun kafin a shimfiɗa hannun abokinsa a fili. Da an shimfiɗa, gani ya kori ji, kowa na kallon kati 26. Amma a jifan farko kati 13 ɗinka kaɗai kake gani, sauran kuwa sai abin da kunnenka ya kwaso a wajen tayi, wato cinikin da ake yi kafin wasa don tsayar da alkawari.

Abin da na ƙudurta: in rubuta jifan farko guda 100 da ni ko ƙanena muka yi. Kowanne da yadda tayi ya gudana, da hannun mai jifa, da katin da ya zaɓa, da dalilinsa. Dalilin za a rubuta shi ne kafin a ga shimfiɗa, don kada mutum ya ƙirƙiro hikima bayan ya ga sakamako. A gefe kuma mu haɗa takardar yarjejeniya shafi ɗaya, da Hausa, ta abin da kowane tayi da kowane jifa ke nufi tsakanina da ƙanena.

Sunayen da muka tsayar a teburinmu, don littafin ya karantu: dangogi huɗu daga ƙasa zuwa sama su ne kulob, daimon, zuciya, mashi. Zuciya da mashi su ne manyan dangi. Dangin da aka naɗa ya fi sauran ƙarfi a wasa muna ce masa iko, wasan da ba a naɗa kowa ba kuma babu-iko, wanda ake rubutawa NT. Wajen auna ƙarfin hannu, As maki 4, Sarki 3, Sarauniya 2, Jak 1, jimillar karta 40. Kowane zagaye na kati huɗu ci ɗaya ne, kuma tayin 3NT alkawarin ci tara ne, domin shida na farko ba a ƙirga su a baki. Kalmar tayi ni na kawo ta, daga Kwari inda nake sayar da shadda. Kawu ya so a ce gwanjo, amma gwanjo a kunnenmu kayan sawa ne na hannu.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Jifa shida suka shiga littafi. Na uku shi ya hana ni barci.

Kawu ya buɗe da 1NT, Likita ya ce 3NT. Ƙanena ne da jifa, ya sako 7 na mashi. Aka shimfiɗa hannun Likita: Sarki, 5, 2 na mashi. Ni ina riƙe da As, Jak, 9, 3. Kawu ya sa a jefa 2 daga shimfiɗa, ni kuma na ɗora Jak, wai na uku a zagaye ya sa babba. Jak ya ci. To daga nan fa? Duk mashin da na fitar, shimfiɗa ce ke jefawa a ƙarshe, Sarki na zaune lafiya. Na mai da 3, ƙanena ya sa Sarauniya, Sarki ya haɗiye ta, Kawu ya kwashe tararsa.

Bayan an gama Kawu ya ajiye tabarau ya ce, "Kai ɗan nan, ƙanenka ya aiko maka da wasiƙa ba ka buɗe ba." Mun yarda tun da farko cewa a babu-iko ana fitar da kati na huɗu daga sama a dangi mafi tsawo. Idan haka ne, sai ka cire lambar katin daga 11, abin da ya rage shi ne yawan katunan da suka fi shi girma a sauran hannaye uku. 7 daga 11 saura 4. Ina ganin Sarki a shimfiɗa, ina riƙe da As da Jak da 9. Huɗun sun cika. Ke nan Kawu ba shi da ko kati ɗaya da ya fi 7. Da na sa 3, da 7 ɗin ya ci, ƙanena ya sake ratso mashi ta kan Sarki, mu kwashe huɗu a jere, As ɗinsa na kulob ya zama na biyar, alkawari ya faɗi.

Kawu ya ce wannan lissafi ya girmi birij kanta, tun zamanin wist, wasan kartar da ya riga ta, ake yin sa. Birij irin wadda muke yi a 1925 Harold Vanderbilt ya tsara mata lissafin maki, a cikin jirgin ruwa. Na san dokar 11 a takarda tun watan Yuni. Sanin ta a takarda daban, tsayawa a yi ragin kafin hannu ya kai ga kati daban. Na rubuta a saman shafi: katin farko ya sauka, kada in taɓa nawa sai na ƙirga.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Sai yau na gane ashe 1NT ɗinsu da namu ba ɗaya ba ne, kuma wata takwas ban tambaya ba. Kawu a Ingila ya koyi wasan lokacin yana karatu, tsarin Acol yake bi: 1NT maki 12 zuwa 14, kuma yana buɗe babban dangi da kati huɗu. Likita ta intanet ya koya, a Bridge Base Online, ya fi son na Amurka, 15 zuwa 17 da kati biyar, amma ya bi Kawu tunda shi ne babba. Mu na Amurkan muke bi.

Amfanin sanin wannan ga mai jifa a fili yake. Idan sun kai 3NT suna da wajen 25 ko sama kaɗan. Cire nasu da naka daga 40, ka san abin da abokinka ke riƙe da shi kafin ka ga komai. Na ƙara layi a littafin: makin da nake zaton ƙanena na da su. Jifa 17.

Asabar, 7 ga Disamba

Hazo ya sauko, tun ƙarfe biyar muka kunna fitila. Yau aka yi gardama mafi tsawo tun da muka fara zama, kuma a kan jifana ne.

Likita 1NT, Kawu 3NT, ba wata magana a tsakani. Hannuna: mashi Jak, 10, 4, zuciya 8, 6, 2, daimon Sarauniya, 7, 5, 3, 2, kulob 9, 4. Maki uku. Da watan jiya ne da na jefa 3 na daimon ba tare da tunani ba, na huɗu daga mafi tsawo. Yau na tsaya. Na ce a ce ma daimon ɗin ta kafu bayan zagaye biyu ko uku, da me zan shigo in ci ta? Ba ni da As, ba ni da Sarki. Kamar mutum ne ya cika rumfa da kaya a bar shi ba mabuɗi. Ƙarfin ɓangarenmu, tara zuwa sha biyu, yana wajen ƙanena, to danginsa ya kamata in nema, ba nawa ba.

Wanne ne nasa? Abin da Kawu bai faɗa ba shi ya nuna mini. Mai kati huɗu a mashi ko zuciya yakan bi 1NT da 2 kulob, tambayar Stayman, don ya ji ko abokinsa ma yana da huɗu. Kawu bai tambaya ba. Ke nan tsawonsa yana ƙananan dangi, kuma daimon ɗin da nake shirin jefawa wataƙila cikin gidansa za ta faɗa. Tsakanin mashi da zuciya na ɗauki wanda nake da abin taimako a ciki. Na rubuta dalili, na jefa Jak na mashi.

Ƙanena na da Sarki, Sarauniya, 8, 7, 3. Likita As da 9 kaɗai. Ya ƙyale na farko, ya ci na biyu dole, da ya taɓa kulob ƙanena ya shigo da As ya kwashe mashi uku. Ya faɗi da ɗaya.

Kawu bai yarda ba. Ya ce, "Sa'a ce. Shekara nawa manya na jefa na huɗu, kai ka zo da dangi mai kati uku?" Na ce, "Ranka ya daɗe, dokar nan ta mai mabuɗi ce. Da ina da As a gefe, daimon zan jefa." Likita ya goyi bayana, ya ce masu gwada dubban hannaye da kwamfuta ma babban dangi suke fifitawa a irin wannan tayi. Kawu ya ce kwamfuta tana ganin hannu huɗu, ɗan Adam ɗaya yake gani, kuma idan ka saba wa doka abokinka zai daina gane wasiƙarka. Wannan magana tasa ta ƙarshe tana da nauyi, ban raina ta ba. Idan ƙanena ya ga Jak daga gare ni, zai iya zaton ina da huɗu ko biyar. Don haka muka rubuta a yarjejeniya: idan tayi ya nuna mai jifa ba shi da komai, kada a ɗauka dangin da ya fitar nasa ne. Amma a kan ainihin hannun, har yanzu ina kan bakana. Ko da bai yi nasara ba, shi ne jifan da ya dace.

Asabar, 21 ga Disamba

Ba zama. Ɗaurin aure a Fagge, duk mun tafi.

Asabar, 28 ga Disamba

Mun daina tayi da baki. Abin da ya jawo: ƙanena yana da "na wuce" iri biyu, ɗaya da sauri, ɗaya da jan numfashi, kuma na lura ina amfani da bambancin ba da niyya ba. Sau biyu a littafin nan dalilin da na rubuta ba shi ne dalilin gaskiya ba. Muryarsa na ji. A dokar wasa wannan haramtaccen labari ne. Abin da kati da tayi suka faɗa shi kaɗai ke halal gare ka, ba tsaki, ba ajiyar zuciya, ba daɗewar tunani. Na soke jifan nan biyu daga lissafi.

Na kai wa wani mai buga takardu a Sabon Gari ya buga mana katunan tayi a kan kwali, saiti huɗu. Tayi 35 ne daga 1 kulob zuwa 7NT, sai na wucewa, da ninki, da ninkin ninki. Ƙanena ya yanka kwalin sabulu ya yi musu mazauni. Likita ya ce a Suwidin aka fara wannan dabara, yanzu kuma ita ce a kowace gasa. Zauren ya yi tsit har wani maƙwabci ya leƙo ya ga ko mun tashi. Shi ne dai wanda ya taɓa tambayar Kawu ko caca ake yi. Yau ya zauna ya kalli hannu biyu, ya ce wannan ai lissafi ne.

Jifa 34 bayan sokewa.

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Na fara littafin don in gyara jifana, ga shi yana gyara mini tayi.

Makon jiya na buɗe 1 kulob, ƙanena 1 zuciya, ni 1 mashi, shi 3 kulob, ni 3NT. Mun ji daɗin kanmu, mun fahimci juna sarai. Kawu ko daƙiƙa biyu bai yi ba ya ajiye daimon, daga kati uku kacal. Sun kwashe biyar kafin in numfasa. Da na tambaye shi ya ce, "Kun zagaya gida kun nuna mini ƙofa uku a kulle, ta huɗun fa?" Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mu kuwa da bakinmu muka nuna tsagar. A Kwari na san wannan: duk abin da ka faɗa wa yaronka da ƙarfi game da farashi, mai rumfar gefe ya ji. Ban taɓa kawo shi teburin karta ba.

Ba cewa nake a daina bayani ba. A wancan hannun laifina ne da na ce 3NT ba ni da abin tare daimon. Kamata ya yi in tsaya a kulob. Amma akwai hannun da bayaninsa ba ya ƙara maka komai sai dai ya ƙara wa abokin hamayya, kuma yau na samu irinsa. Ƙanena ya buɗe 1NT. Ni: mashi Sarauniya, 8, 6, 3, zuciya Sarki, 7, 4, daimon Sarauniya, Jak, 5, kulob Sarki, 9, 2. Maki 11, mashi huɗu. Littafin koyo zai ce in yi Stayman. Na duba, hannun a baje yake, huɗu-uku-uku-uku, ba gajeren dangin da zan yanke da iko, wato in ci da katin iko idan dangin ya ƙare mini. Ko mun dace a mashi, ci goma ake nema a can, a babu-iko tara, kuma da wuya ikon ya haifar da ƙarin. Tambayar kuma za ta sa ƙanena ya bayyana wa Likita siffar hannunsa. Na ce 3NT kai tsaye.

Likita ya yi irin lissafin da na yi masa a Disamba: ba a yi Stayman ba, to babban dangi. Ya jefa mashi, ya faɗa cikin huɗu na ƙanena da huɗu nawa. Ci goma, maki 430. Da 4 mashi muka yi da ci goman nan, 420 ne.

Abu biyu na ɗauka. Na farko, abin da na dogara da shi ranar 7 ga Disamba rinjaye ne, ba tabbas ba. Yadda na ɓoye huɗu yau haka Kawu zai iya ɓoye mini gobe. Na biyu Kawu ne ya faɗa, kuma gaskiyarsa: idan wannan ya zama ɗabi'armu, wajibi ne mu sanar da su. A birij ba a yarjejeniyar ɓoye. Kana da damar ka yi shiru a tayi, ba ka da damar ka ɓoye ma'anar shirunka idan kai da abokinka kun san ta. Na rubuta shi a takardar, na ajiye ta a tsakiyar tebur inda kowa ke gani.

Asabar, 25 ga Janairu

Na koma kan alkawuran da ke da iko, domin shafukan baya babu-iko ya cinye su.

Ɗaya mai ciwo, a taƙaice. Likita na 4 zuciya, na jefa ƙaramin kulob daga ƙarƙashin As, 7, 5, 2. Sarkinsa tilo ne. Ya ci da shi, As ɗina kuma da ya fito daga baya aka yanke shi. Cin da ya ɓace shi ne na huɗun da zai kayar da su. A babu-iko As ɗinka na jiran ka duk daɗewa. Inda akwai iko ba ya jira. Ba zan ƙara ba.

Na biyun shi na fi so a duk littafin zuwa yanzu. Likita 1 mashi, Kawu 1NT, Likita 2 zuciya, Kawu ya wuce. Hannuna: mashi Sarki, Jak, 9, 6, zuciya 7, 4, 3, daimon Sarauniya, 10, 5, kulob Jak, 8, 2. Ba jerin manya, ba kati tilo, ba abin da ke kiran ido. Sai na sake sauraron tayin. Likita ya ce mashinsa biyar, zuciya huɗu, ya ba Kawu zaɓi. Kawu ya bar shi a na biyun. Mai mashi biyu yakan mai da abokinsa dangin farko. Wanda ya ƙi komawa, mashinsa ɗaya ne ko babu. Ni kuma ga ni zaune bayan Likita da Sarki da Jak da 9, ƙananan mashinsa ba za su ci da kansu ba. Hanya ɗaya gare shi: ya yanke su da zuciyoyin shimfiɗa. To, kafin in ga shimfiɗar na san aikin da za ta yi, kuma na san abin da zai hana ta.

Na jefa 3 na zuciya. Shimfiɗa ta sauka da mashi ɗaya da zuciya uku. Ƙanena ya ci da As, ya dubi teburin, ya maido zuciya ba tare da na ɗaga kai ba. Iko ɗaya ya rage a can, yanka ɗaya Likita ya samu maimakon biyu ko uku, ya tsaya a bakwai. Maki 50 ne kawai, amma Likita ya ce, "Alhaji, wannan jifan da kunne aka yi shi." A da ina ɗaukar jefa iko a matsayin mafakar wanda ya rasa abin yi. Akwai lokacin da shi ne farmaki.

Jifa 52.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Asara mafi girma tun da aka buɗe littafi, kuma ramin a yarjejeniyarmu yake.

Kawu 1 daimon, Likita 1 mashi, Kawu 3 mashi, Likita 4NT yana tambayar As bisa tsarin Blackwood, Kawu 5 zuciya wato biyu, Likita 6 mashi. Na wuce, Kawu ya wuce, sai ƙanena ya ajiye jan kati: ninki. Hannuna: mashi 5, zuciya Sarki, Sarauniya, 10, 6, daimon 9, 7, 6, 4, 3, 2, kulob 8, 4. Na ce a raina yaron yana da abin kayar da su, aikina in yi jifa mai kyau. Sarki daga Sarki da Sarauniya, me ya fi wannan? As ya ci, Likita ya zare iko sau uku, ya bi daimon ɗin shimfiɗa yana zubar da abin da zai faɗi da shi. Sha biyu. Maki 1210.

Ƙanena ya juya hannunsa: ba shi da daimon ko ɗaya. Yana da ƙananan mashi uku da As na kulob. Da daimon na jefa, ya yanke, ya ci As, sun faɗi, mu ke da 100. Ya ce, "Yaya, ai don jifa na ninka." Ya karanta a wani wuri cewa ninki a kan alkawarin sha biyu ba don ƙarin maki ake yin sa ba, kira ne ga mai jifa: bar abin da ka saba, nemi dangin da ba a zata ba, galibi wanda shimfiɗa ta fara ambata, ko mafi tsawo a hannunka inda abokinka zai iya zama babu. Theodore Lightner, ɗan Amurka, ya kawo shi a 1929, sunansa yake ɗauke da shi. Hujjar kuwa mai ƙarfi ce. Mutanen da suka kai kansu 6 da hankalinsu da wuya su faɗi da fiye da ɗaya, ninkin hukunci daga 50 zuwa 100 kawai zai kai ka. Amma ninkin da ya karkatar da jifa yana juya 980 ɗinsu ya zama riba gare ka.

Ya karanta, bai gaya mini ba. Na ce masa abokin cin mushe ba a ɓoye masa wuƙa. Duk dabarar da ɗayanmu kaɗai ya sani, ba tamu ba ce. Amma da na dawo gida na buɗe littafi, na ga nawa kason ya fi nasa. Ko ban taɓa jin sunan Lightner ba, ina riƙe da daimon shida, Kawu ya buɗe da ita, Likita ya haye 6 ba tsoro. Nawa suka rage wa ƙanena? Kuma da me zai ninka, alhali sun ƙirga As ɗinsu, ni kuma manyan zuciya na hannuna? Tambayar tana nan a gabana, kyawun Sarki da Sarauniya ya rufe mini ido. A layin dalili abin da na rubuta shi ne "jerin manya", kalma biyu, ba ko ambaton ninkin.

Mun ƙara sashe a takarda mai suna ninkin nuni. Lightner a kan 6 da 7. Ninka 2 kulob na Stayman yana nufin ina da kulob masu ƙarfi, jefo su. Haka ninka amsar Blackwood. Takardar ta wuce shafi ɗaya, ƙanena zai sake rubuta ta da ƙananan baƙaƙe.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Zaman ƙarshe kafin azumi. Kawu ya ce a naɗe tabarma sai bayan salla, kowa ya yarda. Jifa 71, saura 29.

Na bi shafukan daga farko da jan biro. Inda dalilin da aka rubuta ya ambaci tayin abokan hamayya na sa alama, inda hannun mai jifa kaɗai ya ambata na bari. Shafukan Nuwamba kusan fari fat suke, na Fabrairu sun yi ja, in ban da na ranar 8. Jifan kati tilo bai samu shiga sosai ba, sau huɗu kawai ya zo, kuma ɗaya daga ciki na yi shi ina riƙe da Sarauniya, Jak, 10, 4 na iko, inda yankan bai ƙara mini komai ba tunda katunan za su ci da kansu. Ina so in ga ƙarin irinsa kafin in rubuta doka.

Abu biyu ba mu daidaita ba. Daga As da Sarki, ni As nake jefawa, ƙanena Sarki, kuma sau biyu ya rikita ni da Sarki da Sarauniya. Daga ƙananan kati uku kuma, shi na sama yake so, Kawu na ba da shawarar na tsakiya sannan na sama sannan na ƙasa. Na ba ƙanena littafin ya tafi da shi Hotoro, ya fitar da duk hannun da ɗayan biyun nan ya taso a ciki, ya rubuta wanne kati ne da zai fi sauƙaƙa wa na uku a zagaye. Asabar ta biyu bayan salla za mu zauna mu biyu da safe mu tsayar da magana, kafin mu je wajen Kawu da la'asar.